Garkuwar da Malam Garba Maƙeri Bai Ƙarasa Ba

Assalamu alaikum. Ina neman afuwar duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, musamman iyalan marigayi da ke cikin zaman makoki, da dattawan ƙungiyarmu ta manoma waɗanda aiki ya yi wa yawa a wannan lokaci. Na san ba a tsawaita wa mai baƙin ciki magana. Da yabo kaɗai ke raina, da na faɗe shi a wurin gaisuwa na tashi. Amma akwai wani aiki da Malam Garba Maƙeri ya bari a tsakiya, wanda lafiyar mutane ta rataya a kansa, kuma ba zan iya bayyana shi yadda za a fahimta ba sai na fara faɗin ko wane ne mutumin. Sunana Isa, ni ne mai kula da siton ƙungiya a Yelwa, a hannuna ake ajiye kayan tarakta. Don Allah a daure a karanta har ƙarshe.

Labarin rasuwarsa ya same ni da hantsi, ina cikin sito ina duba mai da giris saboda aikin bazara da ya matso. Ɗanjuma, direban taraktarmu, wanda taubashin marigayi ne, ya shigo ba tare da sallamar nan tasa da ake jiyowa tun daga bakin titi ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Malam Isa, maƙerinmu ya tahi." Na san Malam Garba yana fama da ciwon ƙirji tun da sanyi ya wuce, amma ranar kasuwar da ta gabata na bar shi zaune a rumfarsa yana aiki da hannunsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka yi masa sutura bayan azahar. Masu jiragen ruwa sun bar lodinsu a tasha sun zo, manoma sun zo, har Fulanin da suka shigo gari sayar da nono sun tsaya a gefe suna addu'a. Da muka taso daga maƙabarta na bi ta gaban rumfarsa, na tarar an ja ƙyauren an sa kwaɗo. A bayan wannan kwaɗon ne garkuwar bayan injin sassabenmu take, ba a ƙarasa ta ba, ga kuma ruwan tafkin Kainji ya fara ja da baya.

Iyayen Malam Garba maƙera ne a wani gari na bakin Kwara, ɗaya daga cikin garuruwan da ruwa ya cinye sa'ad da aka tare kogin a Kainji. Yana saurayi aka taso su. Da zuga-zugi da uwar maƙera ya fara, yana ƙera fartanya da lauje da ƙusoshin jirgi, daga baya ya koyi walda, ya kafa rumfa kusa da tashar jiragen ruwa. Duk wanda ya saba bi ta wurin zai tuna zanar nan da yake tsayarwa ta ɓangaren hanya kafin ya kunna wuta. Ba don rana yake sa ta ba. Ya ce mai wucewa bai zo sayen ciwon ido ba, don me za a ba shi kyauta? Akwai gwangwani a gefen ƙafarsa da yake jefa guntayen sandar walda, domin yawancin masu sauka daga jirgi ba takalmi suke tafiya. Ba ya taɓa tankin mai da wuta sai an cika shi da ruwa a gabansa, ko da mai tankin ya rantse cewa ya shekara ba mai a ciki. In ya gama ƙira kuwa, sai ya bi bakin ƙarfen da magagari, har ta ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa, sannan ya shafa da tafin hannunsa. In ya ji kaifi ya koma. Yakan ce, "Abin da ka ƙera, bayan ya bar hannunka zai gamu da wanda ba ka sani ba."

Ba zan ɓoye ba, wannan hali ya sa masa jinkiri, kuma jinkirin ya haɗa shi da mutane. Ya sha cewa a zo ranar Laraba, a zo a tarar bai gamsu da aikin ba. Na taɓa ganin wani mai jirgi ya ɗauke ƙarfensa cikin fushi ya kai wani wuri. Malam Garba bai bi shi da magana ba, kuma bai sake hali ba. Ni kaina yakan tsokane ni. Ban yi dogon karatu ba, abin da na sani game da injuna daga ƙasidun da malaman gona ke rabawa na koya, kuma ina adana su. Saboda haka ya sa mini suna Malam Ƙasida. In ya hango ni tafe da takarda a hannu sai ya ce wa mutanen da ke zaune, "Ku gyara wuri, ga hukuma ta iso." Amma sai ya goge hannu ya karɓi takardar, ya juya ta ta ko'ina, ya sa in karanta masa abin da ke ƙarƙashin hoto, wani lokaci har in maimaita.

Bari in bayyana injin saboda waɗanda ba su taɓa tsayawa kusa da shi ba. Ba da daɗewa da ba mu jiharmu ta Kebbi ba, ƙungiya ta sayi tsohuwar tarakta daga hannun wani ɗan kasuwa, tare da injin sassabe da ake ja a bayanta. Faranti ne mai faɗi na ƙarfe, a ƙarƙashinsa akwai wuƙaƙe biyu masu kauri. Wata sanda mai juyawa, wadda direbobi ke kira shaf, ita ke ɗauko ƙarfi daga tarakta ta juya wuƙaƙen da saurin da ido ba ya iya bi. Ciyawa da ƙananan itatuwa duk kwanciya suke yi a gabansa. Aikin da gayya za ta yini a kai, shi kafin hantsi ya gama. Amma abin da wuƙar ta tarar a ƙasa wanda ba ya yankuwa, harba shi take yi. Da aka kawo injin, gabansa da bayansa a buɗe suke. Na lura da wasu huduji a jere a bakin farantin, alamar an taɓa ɗaura wani abu a wurin, wanda ya sayar mana kuwa ya ce haka ya same shi.

Da a gonakin tudu kawai muke aiki, da da sauƙi. Amma babban aikin injin a bakin tafki yake. In bazara ta shigo ruwa yakan ja da baya, ya bar ƙasa mai laima tun daga wajen Warra har gefen Shanga, ciyawa ta taso a kai ta yi duhu, manoma su yi sauri su share su shuka kafin ƙasar ta bushe. Wuraren nan da yawa kufai ne, mazaunin mutane kafin ruwa ya zo. A ƙarƙashin ciyawar akwai duwatsun murhu, da 'ya'yan dutsen niƙa, da fasassun tukwane, ga kuma dalmar da ke zubewa daga tarun masunta. Direba ba ya ganinsu daga kan kujera. Sai dai ya ji ƙara.

A kakar farko ne abin ya faru, ban kuwa kasance a wurin ba. Wata dattijuwa mai suna Inna Hajo, daga wata ruga kusa da Warra, tana bin bayan injin tana kwasar ciyawa da daro a kanta. Dalma ta taso daga ƙarƙashin farantin, ta huda daron ta gefe ɗaya, ta lotsa ɗaya gefen. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Abin da ya dame ta shi ne daronta, ta kafe sai direba ya kai an liƙe mata. Haka Ɗanjuma ya kawo shi rumfar Malam Garba yana ba da labarin da dariya, ni kuma ina zaune. Malam Garba bai yi dariya ba. Ya zura yatsa a cikin hudar, ya ɗora daron a kansa, ya auna da tafin hannu daga hudar zuwa goshinsa. Sannan ya ce, "Da kayan iyayenmu injin ga yake jifan jikokinsu." Ya liƙe daron aka mayar mata. Washegari ya aiko in zo da duk takardar da ke da hoton irin wannan inji.

Ina da ƙasida guda da ta nuna injin da wani abu kamar labule a gaba da baya. Rubutun ya ce ana yin sa da sarƙa ko roba mai kauri. Sarƙa mai yawa haka ba ta kusa da mu a lokacin, kuma ana tsakiyar aiki, sai ni da shi muka yi shawara a yanka tsohon duro, a miƙe shi, a rufe gaba da baya da shi. Ya yi shi da kyau, ya naɗe bakin don kada ya yanki kowa, ya ɗaure da noti a hudujin nan na asali. Na koma gida hankalina kwance. Abin da ba mu yi lissafinsa ba shi ne ciyawar bakin ruwa ɗanya ce, ga laka. Da ba ta sami mafita ba sai ta dunƙule a ƙarƙashin farantin, wuƙaƙe su shaƙe, tarakta ta mutu. Kowace 'yar tafiya sai Ɗanjuma ya sauko ya kwanta ya ƙwaƙulo da hannu, wanda shi ma wani haɗarin ne. Bai gaya wa kowa ba, ya sa sifana ya kwance garkuwar.

Da tarakta ta dawo Yelwa, Malam Garba ya zagaya bayanta ya ga wayam.

"Taubashi, ina garkuwata?"

"Tana Warra, tana aiki," in ji Ɗanjuma. "Wallahi ka iya ƙira. Ba ta ƙona tarwaɗa ko kaɗan."

Ashe a kan murhu suka ɗora ta suna gashin kifi. Mutanen rumfa suka fashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci, na fara faɗa. Malam Garba ya ɗaga mini hannu. Ya ce wa Ɗanjuma ai dama an san 'ya'yan mace ciki suka gada, Ɗanjuma ya ce gara ciki da ƙirar da ke shaƙe inji. Da dariyar ta lafa sai Malam Garba ya juyo gare ni ya ce in direba ya cire abu, to a fara tambayar abin kafin a tambayi direban, domin garkuwar da ke hana aiki ba za ta kwana a jikin inji ba, ko wa ke tuƙi.

Ni a lokacin abin da nake gani shi ne a hana mutane bin injin kawai, a sa mai tsawa a baya, kamar yadda ƙasida ta ce kada kowa ya matso. Malam Garba ya ce sai ya gani da idonsa. Ya rufe rumfa, abin da ba ya yi sai Juma'a, muka shiga jirgi zuwa Warra. Bai tsaya wurin tarakta ba, wurin matan da ke kwasar ciyawa ya nufa ya zauna. A nan muka ji abin da kowane ɗan bakin ruwa ya sani, mu na gari ba mu lura ba. Ciyawar da inji ya yanke ba ta mai gona ba ce. Wadda ta fara ɗora hannu a kai, ita ke da ita. A bazara kuwa, sa'ad da tudu ya bushe, wannan ciyawa ce abincin awaki da maruƙa, wasu kuma su kai kasuwa. Saboda haka kowace mace ƙoƙari take ta fi 'yar'uwarta kusa da bakin injin. Na yi wa Inna Hajo bayani a natse cewa ya kamata su ja baya sosai har inji ya wuce. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, in na ja baya, ke nan maƙwabciyata Dije ta kwashe. Kai za ka zo ka ba akuyata haƙuri?"

Muka shiga jirgi muka kamo hanyar gida. Can ya ce mini, "Malam Ƙasida, ba a ce wa mai neman abinci ja baya. Kai mai abu, rufe bakin abinka." Tun daga ranar ban sake kawo maganar tsawa ba.

Sai ya shiga neman sarƙa. Ya bi masu jirage ɗaya bayan ɗaya yana roƙon tsofaffin sarƙoƙin da suke ɗaure jirgi a gaɓa. Wasu suka ba shi don yana yi musu gyara, wasu don sun ji labarin daro. Ƙungiya ta kawo abin da ta samu, shi ma ya haɗa da nasa. Kowace sarƙa sai ya ɗora ta a kan uwar maƙera ya bi ta da guduma, inda tsatsa ta cinye ya yanke ya yar. Ya yayyanka su guntu-guntu daidai da tsayin da zai taɓo ƙasa, ya zura su a jikin sandar ƙarfe, suna rataye kusa da juna kamar labule. A baya, inda mata ke bi, ya yi jeri biyu, ya gocar da na biyun yadda tazarar na farko za ta faɗa kan sarƙar na biyu. Ciyawa da laka su ture sarƙa su fice, dutse kuwa in ya taso ya bugi ƙarfe ya faɗi. Ya kuma yi wa shaf rufi da bututu, don ya ce babbar riga ba ta san inji ba. Da ya gama ɗaurewa sai ya ɗiga walda a kan kowane noti, ya kalli Ɗanjuma ya ce, "To, je ka nemo sifanar da za ta kwance wanga."

Bai yarda a kai injin gona ba sai da aka gwada. Ya sa aka kafa zana a tsaye kewaye da wani fili a bayan gari, aka watsa tsakuwa da dalma da guntayen tukwane a cikin ciyawa, kowa ya koma nesa, Ɗanjuma ya bi ta kai. In tarakta ta tsaya, ni nake zagayawa da gawayi ina sa alama a duk inda wani abu ya huda zana. Inda alama ta fito, sai ya tsuguna ya hango ta inda abin ya bi, ya koma rumfa ya ƙara sarƙa. Ɗanjuma ya gaji har ya ce ko amarya ba a yi mata wannan kwalliya. Ranar da na zagaya na dawo da gawayina ban yi zane ba, Malam Garba ya tashi ya je ya yi alwala. Tun daga lokacin injin ya yi ta aiki kaka bayan kaka, mata na binsa kamar yadda suka saba, ba mu sake jin labarin ko daro ba.

A ƙarshen aikin bara, a wata gona wajen Shanga, ɓangaren baya na injin ya hau wani kututture da ciyawa ta rufe. Sandar baya ta karye, sarƙoƙi da yawa suka tsinke suka ɓace a laka. Garkuwar gaba tana nan lafiya. Malam Garba ya yanke ragowar ta bayan da hannunsa ya kai rumfa, ya ce wannan karon zai yi ta da ƙarfe mai kauri. Ya lanƙwasa sabuwar sanda daidai da bakin farantin, ya sake bin masu jirage, ya gama yanka. Daga nan ciwo ya kama shi, hayaƙin walda ya gagare shi. Ranar da na gan shi ta ƙarshe yana zaune a kan tabarma, sandar na kan cinyarsa, yana zura sarƙa ɗaya-ɗaya yana hutawa. Jerin farko ya cika, na biyu ya kai wajen rabi. Na ce ya bari sai ya ji sauƙi. Ya ce ruwa ba ya jiran mai jinya. Da zan tashi ya riƙe mini hannun riga.

"Ka ce wa Shugaban ƙungiya ya ƙara mini 'yan kwanaki. Kada a fita da injin baya buɗe. Za su ce maka gona ɗaya ta. Ko ɗayan kar ka yarda."

Ban san wannan ce maganarmu ta ƙarshe ba.

Yanzu ga inda muke. Alhaji Mamman, yayan marigayi, shi ya rufe rumfar, kuma mabuɗin yana hannunsa. Na je na same shi bayan mutane sun ragu, na yi masa bayani. Ya saurare ni da mutunci. Ya ce a cikin magada akwai ƙananan yara, babban ɗan marigayi kuma yana can nesa wurin kamun kifi, an aika masa bai iso ba tukuna. Ya ce, "Malam Isa, ko allura ba ni fitarwa daga rumfar ga sai an yi rabo. Dukiyar marayu wuta ta." Ban ga laifinsa ba. Da garkuwar duka ta ƙungiya ce da magana ta ƙare, amma sandar ƙarfensa ce, sarƙoƙin kuma sun gauraya, wasu na ƙungiya, wasu nasa, wasu kyautar masu jirage, ba mai iya rarrabewa sai shi da ya tafi.

Na kuma sami Shugaban ƙungiya. Shi ma gaskiyarsa a fili take. Manoman Warra sun aiko cewa ruwa ya sauka daga gonakin farko, in ba a share ba ƙasa za ta ƙeƙashe, mutum ya rasa shukar shekara. Ya ce ranar kasuwar Warra mai zuwa tarakta za ta tashi. Da na kawo maganar garkuwa sai ya ce ai ta gaba tana nan, a fara da gona ɗaya a gani, direba ya tafi a hankali. Amma ko tarakta ta yi tafiyar hawainiya, wuƙar da saurinta take juyawa, kuma baya ne wurin da mata suke. Na tambayi wani mai walda a gari ko zai yi mana sabuwa. Ya ce in aka ba shi wadda marigayi ya fara, aikin safiya ɗaya ne, amma tara sarƙa daga farko da lanƙwasa sanda ba zai yiwu kafin ranar ba.

Jiya Ɗanjuma ya zo sito. Mutumin da ya gasa kifi a kan garkuwar farko ne ya zauna yana gaya mini cewa tun daga ranar daro, duk ƙarar da ya ji a ƙarƙashin farantin sai ya waiwaya ya duba ko kowa na tsaye, kuma sai da aka sa sarƙa ya daina. Ya ce shi ɗan aike ne, in an ce ya tuƙa zai tuƙa. Sannan ya sassauta murya ya ce in ɓoye shaf in ce ya ɓace, tun da ba shi inji ba ya juyawa. Na ce masa ba zan ɓoye kayan ƙungiya ba, ba kuma zan yi wa dattawa ƙarya ba. Abin da zan iya shi ne in faɗa a fili, gaban kowa. Dalilin wannan takarda ke nan. Na san matan nan da fuskokinsu, wasunsu da goyo suke sunkuyawa.

Ya Allah, ga bawanka Garba ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya kare idon mai wucewa da ƙafar marar takalmi, ka kare shi daga azabar kabari da ta wuta. Ka sa kowace mace da ta koma gida lafiya da ciyawarta ta zame masa sadaka mai gudana. Abin da ya saɓa wa mutane na jinkiri, ka sa su yafe masa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ka raya ƙananan cikin imani, ka kawo babban gida lafiya. Ka saka wa Alhaji Mamman da alheri kan amanar da ya riƙe. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da kyau. Amin.

Bayan haka, cikin girmamawa, ina roƙon abubuwa kamar haka:

1. Alhaji Mamman da Shugaba su je tare wurin liman ko alƙali su tambaya ko akwai hanyar da shari'a ta yarda a fitar da garkuwar kaɗai, a gaban shaidu, a ƙiyasta rabon marayu a cikinta ƙungiya ta ɗauki nauyinsa. Ni ba ni da ilimin yanke wannan, kuma ba na neman a taɓa wani abu daban a rumfar.

2. In an yarda, a ba ni da Ɗanjuma izini mu ƙarasa zura jeri na biyu, mai walda ya ɗaura, a kuma gwada da zana kamar yadda marigayi ya yi, kafin a kai injin bakin ruwa.

3. In ba a yarda ba, ko amsa ta yi jinkiri, a bar injin sassabe a gida, tarakta ta tafi da garma kawai, a sanar da manoman Warra tun yanzu don su kira gayya su fara sharewa da adda.

4. In dattawa sun duba duk wannan suka ga dole injin ya fita baya buɗe, to a rubuto mini umarnin, wanda ya yanke ya sa hannu. Ba zan miƙa shaf a kan saƙon baki ba.

Shaf yana sito, ni ma ina nan daga safe har la'asar. Ina jiran amsa a rubuce kafin ranar kasuwar Warra.

Isa, mai kula da sito.